Shirin Tafiya a Mota Cikin Birane da Ƙauyukan Arewacin Nijeriya

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Ɗalibin Hausa ya fi kowa bukatar wannan mabuɗi, domin yawancin abin da ake koya masa a aji, kamar karin harshe da tarihin sarauta da sana'o'in gargajiya, yana nan zube a kan hanyoyin da ke tsakanin garuruwanmu. Sai dai mabuɗin ba ya buɗe kome ga wanda ya tashi ba shiri. Irin wannan matafiyi yakan isa gari bayan an rufe wurin da ya zo gani, ko dare ya riske shi a dajin da mutanen wurin da kansu ba su ratsawa bayan la'asar. A zamanin nan kuwa kuskure irin wannan yana iya cin dukiya, har ma da rai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake tsara doguwar tafiya a mota. Za a ɗauki misali guda a bi shi daki-daki, watau zagayen da zai tashi daga Kano ya bi ta Daura da Katsina da Zariya da Jos da Bauci, sa'an nan ya komo Kano. Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, ana auna tafiya da zango da hasken rana da labarin hanya, kafin a zo ga lissafin kilomita.

Darasi Daga Fatake

Tsara tafiya tsohon ilmi ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, kuma ayarinsu yana da shugabanni, kowa da aikinsa. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi da wurin sauka. Jagaba yana gaba, shi ya san hanya da mashigin kogi da inda 'yan fashi ke kwanto. Uban dawaki yana kula da kuɗin fito da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Akwai kuma malami mai riƙe lissafi da jan salla. Ba a tashi sai an san zangon da za a kwana, kuma akan yi sammako domin a sauka da sauran rana.

Mota ta mayar da tafiyar wata guda ta zama ta yini ɗaya, amma waɗannan ayyuka huɗu suna nan. Idan ɗalibai huɗu ko biyar za su yi tafiya, ya kamata tun a gida su naɗa wanda maganarsa ce ta ƙarshe, da mai tambayar hanya, da mai riƙe kuɗi, da mai rubuta abin da aka gani. Ayarin da kowa madugu ne, a mararraba yake watsewa.

Zaɓen Lokaci

Abu na farko da za a yanke shi ne watan tafiya. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin da karkara ta fi kyan gani, amma ita ce kuma lokacin da hanya ta fi cin amana. Ruwa yana cika ramuka har direba ya kasa sanin zurfinsu, kwalbati yana karyewa, hanyar burji tana zama taɓo. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, sai da matafiya suka riƙa dogon zagaye. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafinta yana fasa tsohuwar taya, yana kuma tafasa ruwan lagireto.

Saboda haka kaka da farkon hunturu, watau daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, sun fi dacewa. An girbe gero da dawa, kasuwanni sun cika, manoma sun sami sararin hira da baƙo. Illar hunturu ita ce hazo, wanda kan rufe hanya da safe har mutum ya kasa hango babbar motar da ta lalace a gabansa. A irin wannan rana sai a jinkirta tashi, a kunna fitila, a rage gudu.

Wanda yake son tafiyarsa ta dace da wani biki, kamar Sallar Gani a Daura cikin watan Rabi'ul Awwal ko Hawan Daushe a Kano, to ya bincika tukuna. Ko da yake hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024, an dakatar da hawan a wasu salloli na 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta. Kalanda kaɗai ba ta isa shaida ba.

Rabon Zango

Zagayen da aka ɗauka misali ya kai kimanin kilomita 1,400, in an haɗa da shige da fice cikin garuruwa ya doshi 1,600. Direba mai gaggawa zai ce kwana uku sun isa. Mai neman ilmi ya ba shi kwana goma sha ɗaya, bisa ƙa'ida guda: kowane yini na doguwar tafiya a bi shi da yinin zama, kuma kowace tafiya ta ƙare kafin la'asar sakaliya.

Ranar farko ta Kano ce. A fara da hawa Dutsen Dala da sassafe, domin daga can ake ganin yadda birnin ya shimfiɗu da inda ganuwa ta bi, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa a farkon ƙarni na 12. Daga nan a gangara Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), a leƙa marinar Ƙofar Mata, a ƙare a gidan tarihi na Gidan Makama.

Rana ta biyu a kama hanyar Daura ta Ɗambatta da Kazaure, tafiyar da ba ta kai kilomita 150 ba. A nan ne baƙo zai fara lura da karkara: gonakin gero da gyaɗa da wake, da rumbuna a bayan gida, da itatuwan gawo da manoma ke bari a tsakiyar gona saboda yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ga shi yana ƙara wa ƙasa taki. A Daura akwai rijiyar Kusugu, inda labarin Bayajida da macijiya ya samo tushe, da tsohuwar fadar sarki.

Rana ta uku a wuce Katsina, kimanin kilomita 80 yamma da Daura. Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tana tuna wa mutum cewa Katsina cibiyar malamai ce tun kafin jihadi. Tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, shi ne inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu kaɗan ce, amma tana ɗauke da tarihin ilmi iri biyu a ƙasar Hausa.

Rana ta huɗu ita ce ta fi koyar da darasin wannan maƙala. Taswira za ta nuna cewa hanya mafi kusa daga Katsina zuwa Zariya ita ce wadda ta bi kudu ta Malumfashi da Funtuwa. Amma wannan hanya tana maƙwabtaka da yankunan da 'yan bindiga suka addaba, kamar Ƙanƙara, inda aka sace ɗaruruwan 'yan makaranta a Disamba 2020. Idan labarin da aka samu a tasha bai kwantar da hankali ba, sai a koma Kano ta Kankiya da Bichi, kimanin kilomita 170, a ɗora da wasu 150 da 'yan kai zuwa Zariya a kan tagwayen hanya. An ƙara nisa, an ƙara mai, amma tafiya sannu sannu kwana nesa. Ribar wannan zagaye kuma ita ce a ga noman rani na Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ya mayar da fako ya zama gonakin shinkafa da alkama da tumatir.

Rana ta biyar a zauna a Zariya. A ga ganuwa da fadar Zazzau da tsohon masallacin Juma'a wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830, wanda daga baya aka kewaye shi da sabon gini. A fita Samaru a ziyarci Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962.

Rana ta shida a nufi Jos ta Pambeguwa da Saminaka, kimanin kilomita 240. Ƙasa tana canzawa a idon matafiyi. Gero yana ja da baya, masara tana mamaye gonaki, sa'an nan hanya ta fara hawa, duwatsu su bayyana, iska ta yi sanyi. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka wanda ya bar rigar sanyi a gida zai saye ta da tsada. Rana ta bakwai a ziyarci gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda aka ajiye gumakan yumɓu na Nok. Kusa da shi akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, har ɗalibi ya iya kwatanta su da na ainihi da ya baro kwana biyu da suka wuce. A bayan gari kuma akwai kududdufan da haƙar kuza ta bari, da gonakin dankalin Turawa da acca.

Rana ta takwas a gangara Bauci ta Toro, kimanin kilomita 130, garin da Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu, ya kafa. A nan kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, Firayim Ministan da aka kashe a juyin mulkin Janairu 1966. Rana ta tara a tafi gandun dajin Yankari, kilomita ɗari da 'yan kai daga Bauci, ana ratsewa daga hanyar Gombe a Dindima. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki, da maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumi. An fi ganin namun daji a ƙarshen rani, lokacin da ƙishirwa ke tara su a bakin kogin Gaji, don haka mai zuwa da kaka ya rage buri. Ya kuma rufe ƙofar ɗaki da ta mota, domin gwaggon birin wurin ya saba da kayan baƙi.

Rana ta goma a komo Bauci a huta, a duba mota. Ta goma sha ɗaya a kama hanyar Kano ta Ningi da Birnin Kudu, kusan kilomita 300. A Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsu. Wanda ya fara zagayen ran Talata, ranarsa ta ƙarshe za ta faɗo Juma'a, ranar da kasuwar shanu ta Wudil ke ci. Zai ga kasuwar, amma ya sa cunkoson gadar Wudil cikin lissafinsa.

Labarin Hanya

Zangon da aka tsara a takarda shawara ce, labarin da aka samu da safe shi ne hukunci. Taswirar da ke cikin waya ta san nisa da kwana-kwana, amma ba ta san ƙauyen da aka kai wa hari jiya ba, kuma sau da yawa takan jefa mutum cikin hanyar daji domin ta rage masa minti ashirin. Jagaban wannan zamani shi ne direban haya da ya iso daga inda za ka. Saboda haka kowace safiya a shiga tasha, a gai da shugabannin ƙungiyar direbobi, a tambayi abu uku: wace hanya motocinku ke bi yau, ƙarfe nawa mota ta ƙarshe ke tashi, kuma ina ne ba a tsayawa. Matambayi ba ya ɓata. Idan an ga motocin da ke tahowa daga gaba sun ɗauke ƙafa na tsawon lokaci, ko suna walƙa fitila, a tsaya a gari mafi kusa har a san dalili.

Haɗarin hanya iri-iri ne. A yammacin Katsina da Zamfara da Birnin Gwari satar mutane ce. A Jos da kewayenta kuwa rikicin ƙabilanci da na addini ne kan tashi ba zato, ya rutsa da baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba, kamar yadda aka tare matafiya aka kashe fiye da ashirin a hanyar Rukuba a watan Agusta na 2021. Wanda ya ji gari ba lafiya, ya soke wannan zango ko da ya riga ya biya kuɗin masauki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Har ila yau a bar wa wani a gida jerin zango da lambar mota, a riƙa sanar da shi tashi da sauka. Kada kuma a riƙa shelar inda za a kwana a gaban wanda ba a sani ba. Tafiyar dare kuwa a ɗauke ta haramtacciya, domin ban da miyagu, akwai manyan motoci marasa fitilar baya da shanu masu tsallaka titi.

Mota da Takardu

Mako guda kafin tashi a kai mota wurin bakanike, domin in an canza wani abu a sami kwanakin gwada shi cikin gari. A juye baƙin mai, a duba burki da kuloci da batir da fambel da lagireto da fitilu. Taya ita ce ran tafiya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tsohuwar taya tana fashewa a kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba. A tabbata safiya tana da iska, ga jak, ga abin kwance taya, ga jarkar ruwa, ga tocila, ga igiyar ja.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana neman direba ya riƙe lasin tuƙi da takardun mota da inshora, motar kuma ta kasance da tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi in an lalace. Ƙa'idar gudu ga ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A shingen bincike a rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, a yi sallama, a amsa abin da aka tambaya. Kowane matafiyi ya riƙe katin shaidarsa, ɗalibai kuma su karɓi wasiƙa daga sashensu mai bayyana dalilin tafiyar. In akwai direbobi biyu su riƙa karɓeɓeniya bayan kowace awa biyu ko uku, domin gyangyaɗi bayan cin tuwon rana ya kashe mutane da yawa.

Guzuri

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, mai ya zama babban kaso na kuɗin kowace tafiya, kuma farashinsa yana motsi, don haka a yi lissafi da lita. Alal misali, motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta bukaci lita 160 a wannan zagaye. A ninka da farashin ranar, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda zagaye da cunkoso. A sha mai a manyan garuruwa, kada a bari tanki ya sauka ƙasa da rabi, domin man bumburutu na bakin hanya yakan zo da gauraye.

Kuɗi a raba su biyu, na hannu da na banki. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna illar dogara da tsaba kaɗai, katse layukan waya da aka yi a Zamfara da wasu sassan Katsina a Satumba 2021 kuma ya nuna illar dogara da waya kaɗai. Mai ƙosai a ƙauye da mai facin taya canji suke so. A riƙe ruwan sha mai yawa, da abinci mara lalacewa kamar ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi, da gidan sauro da maganin zazzaɓi. Matafiyi Musulmi kuma ya san hukuncin ƙasaru, wadda a mazhabar Malikiyya take farawa daga tafiyar mil 48.

Ladabin Baƙo da Kunnen Ɗalibi

Birni ya saba da baƙo, ƙauye kuwa yana lura da shi, balle a wannan lokaci da baƙuwar mota ke tayar da hankali. Duk ƙauyen da za a tsaya fiye da shan ruwa, a fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci, a gaishe shi, a faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su. Shi zai haɗa baƙi da maƙeri ko masaƙi ko tsohon da ya san tarihin gari. Kada a ɗauki hoton mutum ko a naɗi muryarsa sai da izninsa, kada namiji ya wuce zaure, kuma ɗan goro ko sabulu a hannu yana buɗe bakin da tambaya ba ta buɗewa.

Daga nan sai a saurara. A Katsina za a ji ana cewa gidanshi da mashi inda Bakano zai ce gidansa da masa. A Zariya da Bauci za a ji motan da rigan, domin karin waɗannan wurare bai cika rarrabe jinsin namiji da na mace ba. A Jos za a ji Hausar da Birom da Jarawa da Anaguta da sauran ƙabilu suka mayar harshen kasuwa, da nata sauti da nata gajerun hanyoyi. Mai rubutu ya riƙa sa kowace kalma tare da garin da aka ji ta da shekarun mai maganar bisa ƙiyasi, a daren ranar, kafin zango na gaba ya shafe na baya.

Kammalawa

An ga cewa shirin tafiya ya ƙunshi raba aiki tsakanin matafiya, da zaɓen wata, da yanka hanya zango-zango yadda rana ba za ta faɗi a daji ba, da neman labari kowace safiya, da gyaran mota, da lissafin guzuri, da sanin ladabin shiga gari. Wannan tsari zai yi aiki ko da an sauya garuruwan, a ce Sakkwato da Argungu, ko Haɗeja da Gumel da kasuwar Maigatari ta ran Alhamis. Halin da hanyoyinmu ke ciki ya sa ɗalibai da yawa suna gama digiri a kan harshe da al'adun Hausa ba su taɓa ganin Kusugu ko Gobarau ba, wannan kuwa asara ce ga sashe da ɗalibi baki ɗaya. Gani ya kori ji. Wanda ya tsara tafiyarsa yadda madugai suka tsara tasu, ya yarda ya sauya hanya in labari ya sauya, yana da kyakkyawan zaton ya je ya gani, ya kuma komo gida da abin da zai rubuta. Allah ya kiyaye hanya.